Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga wakilan Majalisar Shawara ta Sake Gina Ƙasa: ina mai kuka zai kai kukansa?

Tahoua, Oktoba 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Masu girma shugaba da wakilan Majalisar Shawara ta Sake Gina Ƙasa, musamman 'yan'uwanmu da suka fito daga jihar Tahoua, ina gaishe ku da aiki, ina roƙon Allah Ya yi muku jagora a kan nauyin da aka ɗora muku.

Ni tsohon mushen lakwal ne. Shekara talatin da uku na yi ina riƙe da alli tsakanin Buza, Keita da Ƙonni kafin in ajiye aiki in dawo gida. Ban taɓa yankar katin wata jam'iyya ba, ko a zamanin da jam'iyyun ke raye. Wannan takarda kuwa ba da bakina kaɗai nake rubuta ta ba. Muna da majalisar da muke zama bayan la'asar a ƙofar gidan wani dattijo a unguwarmu. Akwai tsofaffin ma'aikata, da dillalan albasa biyu, da direban kar mai zuwa Yamai, da limaminmu. Matan unguwa ba sa zama da mu, amma su suka fi matsa mini lamba in rubuta, domin su ne ke dafa tuwon da ake kai wa 'yan kaso.

Abin da ya tunzura mu shi ne abin da ya faru a watan Agusta. Ranar 7 ga wata aka rusa ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan shari'a, ciki har da SAMAN ta alƙalai. Mako guda bayan haka aka kori magatakardanta daga aikin alƙalanci, lauyoyi suka ajiye aiki na kwana biyu don nuna rashin amincewa. Mun kasa kunne mu ji abin da majalisarku za ta ce, ku da aka girka tun watan Yuni. Damina ta wuce, an fara girbin gero, muna nan muna jira.

Kafin wani ya rataya mana sunan maƙiya ƙasa, bari in faɗi inda muka tsaya. Mu ne muka sha takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Iyakar Ƙonni ta rufe, kuran da ke zuwa daga Najeriya ya yanke, magani ya yi wuya, albasar Galmi ta rasa hanya, muka daure har aka ɗage shi a Fabrairun 2024. Da sojojin Faransa suka tattara nasu-ya-nasu a Disambar 2023, da yawa a cikinmu sun yi hamdala. Ba kuma a rediyo muka san ta'addanci ba. A jiharmu ne aka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya ranar 21 ga Maris 2021, a jiharmu ne kuma sojoji 29 suka kwanta dama kusa da Tabatol a Oktoban 2023. 'Ya'yanmu na cikin kaki, wasu mun yi musu sallar gawa. Mun san ƙasa na cikin yaƙi. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Babban abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne tsare mutum ba tare da shari'a ba. Zan ba ku labarin da na gani da idona. Akwai jikan ƙanwata, yaro mai shekara ashirin da shida, yana sayen albasa a gona lokacin da take arha, ya zuba a rudu har ta yi daraja. Wansa da ke biɗa a Abijan ya turo masa saƙon murya ta WhatsApp, wai an tare wata hanya an kashe mutane, a yi hattara. Yaron bai yi wata-wata ba ya tura wa abokan sana'arsa, don wasunsu na bin hanyar. Bayan kwana uku wasu mutane suka same shi a kasuwa, ba su faɗi ko su wane ne ba, ba su nuna takarda ba, suka sa shi a mota. Kwana goma sha ɗaya uwarsa tana yawon ofis-ofis, ko'ina a ce mata ba ya nan. Ta sayar da awaki biyu don kuɗin mota. Da aka gano inda yake, sai da aka ƙara mako biyu kafin a bar ta ta gan shi. Ya yi wata huɗu a tsare. Wata safiya aka buɗe ƙofa aka ce ya tafi gida, ba hukunci, ba takardar wanke shi, ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Ya tarar ruwa ya shiga rudun, albasar ta ruɓe, bashin jika ɗari shida na jiransa. Yau idan salularsa ta yi ƙara sai ya dubi mutanen da ke kusa kafin ya ɗauka.

Ban ce kada a binciki mai yaɗa jita-jita a lokacin yaƙi ba. Amma dokar ƙasarmu ta san yadda ake yi. A laifin yau da kullum, sa'o'i 48 ne aka ba masu bincike su riƙe mutum, ana iya sabuntawa sau ɗaya, daga nan sai gaban mai shari'a. Ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, wadda Nijar ke cikinta har gobe, ta ce lauya na da damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Wa ya gaya wa uwar yaron nan haka? Ko an gaya mata, ina za ta samo lauya, alhali mafi yawansu a Yamai suke zaune, fiye da kilomita 500 daga nan?

Abin da ake yi wa talaka a ɓoye shi ake yi wa sananne a fili. Ranar 3 ga Disambar 2024 aka ɗauke Moussa Tchangari, magatakardan ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, daga gidansa a Yamai. Sai bayan wata guda aka gabatar da shi gaban alƙali, aka tuhume shi da laifuffukan da suka shafi ta'addanci da tsaron ƙasa, aka aika da shi gidan kason Filinge. Wannan bawan Allah gwamnatin Mahamadou Issoufou ma ta sha ɗaure shi, a 2015, da 2018 kan zanga-zangar ƙin dokar kasafin kuɗi, da 2020. Gidan kason Filinge kuwa shi ne wanda marigayi Hama Amadou ya yi takarar shugabancin ƙasa daga cikinsa a 2016. A wancan lokaci mun ce ba daidai ba ne. Masu mulki sun canza, taken ƙasa ma ya canza, ɗakin nan na Filinge bai daina karɓar masu magana ba. Idan akwai hujja a kan Tchangari, a baje ta a kotu a bainar jama'a, mu ma mu ji.

Haka zancen Mohamed Bazoum. A majalisarmu akwai waɗanda ba sa son jin sunansa, akwai wanda ya ce mini in cire wannan sakin layi, na ƙi. Kotun CEDEAO ta ba da umarnin a sake shi ranar 15 ga Disambar 2023, a lokacin Nijar ba ta fice daga ƙungiyar ba. Kotun Ƙasa ta tuɓe masa rigar kariya ranar 14 ga Yunin 2024, aka ce don a gurfanar da shi. Fiye da shekara guda ke nan, ba a yi zama ko ɗaya ba, matarsa Hadiza tana tsare tare da shi ba tare da an sanar da wata tuhuma a kanta ba. Idan ya ci amanar ƙasa, mu ne aka ci wa amana, muna da haƙƙin jin hujjojin. Idan kuma wanda ya zauna kujerar shugaban ƙasa zai iya wuce shekara biyu a kulle ba shari'a, mai rudun albasa ba shi da abin dogara.

Mun ga sakin da aka yi wa mutum wajen 50 a farkon Afrilun 2025, bisa shawarar babban taron ƙasa na watan Fabrairu, mun kuma yi wa iyalansu barka. Sai dai ƙofar da ke buɗewa da alfarma, ranar da alfarma ta ƙare rufewa take. Mu ƙofar kotu muke so.

Sai maganar baki da salula. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 an gyara ta a 2022 aka cire ɗauri kan zagi da ɓata suna. A watan Yunin 2024 aka mayar da ɗaurin: shekara ɗaya zuwa uku kan ɓata suna ko zagi, shekara biyu zuwa biyar kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Wannan kalma ta ƙarshe faɗinta ya yi yawa. Labarin hari yana ta da hankali. Labarin tsadar shinkafa ma yana ta da hankali. A ƙasar Adar, inda da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a Kwaddibuwa, Libiya, Aljeriya ko Najeriya, saƙon murya shi ne wasiƙar da ke haɗa uwa da ɗanta, mafi yawansu kuwa ba su yi boko ba. Tsohuwar da ta danna ta tura ba ta san ta taka wata doka da aka rubuta da Faransanci a Yamai ba.

An dakatar da RFI da France 24 tun Agustan 2023, an dakatar da shugabannin Gidan 'Yan Jarida a Janairun 2024, an rufe BBC na wata uku a Disambar 2024, an kama 'yan jaridar rediyon Sahara FM na Agadas su uku a watan Mayun bana. Ni ban damu da kafofin waje kamar yadda na damu da namu ba. Abin da nake gani shi ne, tun da ɗan jaridar gida ya koma karanta sanarwa kawai, jita-jita ta fi ƙarfi. Mutum ya ji an yi hari a kusa da garinsu, ya kunna rediyo bai ji komai ba, dole ya koma ga saƙon da ba a san mafarinsa ba. Shirun da ake tilasta wa masu tantance labari shi ke ciyar da maƙaryata, shi ne kuma ya jefa jikan ƙanwata cikin abin da ya shiga.

In koma ga alƙalai, tun da su ne mafarin wannan takarda. Ba na wanke su. Duk wanda ya taɓa kai ƙarar gona ya san akwai alƙalin da ba ya jin magana sai an gaishe shi, kuma ministan shari'a yana da gaskiya idan ya ce gidan na bukatar shara. To amma akwai hanyar hukunta alƙalin da ya ci hanci: a tuhume shi, ya kare kansa, a yanke. Wanda aka kora saboda ya fitar da sanarwa da sunan ƙungiyarsa, darasin da ya bar wa sauran daban ne. Ku yi tunanin ƙaramin alƙali a Abalak ko Madawa, an kawo masa mutumin da babu hujja a kansa, amma wani mai ƙarfi ne ya aiko da shi. Yana da mata da yara, ya kuma ga abin da ya sami shugabansa a Yamai. Sa hannu a takardar tsarewa zai fi masa sauƙi a kan sa hannu a ta saki. Ba mu manta da 2009 ba, lokacin da kotun tsarin mulki ta ce wa marigayi Tandja tazarce ba ta halatta ba, ya rusa ta. Wata takwas bayan haka, ranar 18 ga Fabrairun 2010, sojoji suka shiga fada. Da an saurari alƙalan nan, da ƙasa ta huta da wannan juyin.

Akwai kuma wata ƙofar da aka rufe wadda mutanen Yamai ba su cika jin zafinta ba. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi, aka naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki. Adalci ne in ce wasu kantomomin sun yi aikin da magadan gari suka kasa, an kwashe bola, an ƙwato filayen da aka cinye. Amma kansila, duk lalacewarsa, ɗan ƙauyenku ne. Kun san gidansa, kuna haɗuwa a wurin suna da jana'iza, yana kuma tsoron ranar zaɓe. Kantoma wanda ya naɗa shi yake wa bayani. Yanzu kaka ta yi, dabbobi za su fara gangarowa daga Azawak, gonaki ba a gama kwashe su ba. Mu da muka ga abin da ya faru a Bangi ta Madawa a Nuwambar 2016, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci ran mutum 18, mun san irin wannan wuta tun tana hayaƙi ake kashe ta, da bakin mutanen da kowane ɓangare ya sani ya kuma yarda da su. Hukumomin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada suna bukatar zaɓaɓɓu a cikinsu. An ɗora wa sarakuna da hakimai kayan da ya fi ƙarfinsu su kaɗai.

Maganar kuɗi gajera ce amma tana da nauyi. Tun Oktoban 2023 muke zuba wa asusun taimakon ceton ƙasa, dala biyu a kiran waya, dala biyu a tikitin mota, ban da gudummawar da mutane suka kai da hannunsu. Ba mu yi ƙorafi ba. Amma a Fabrairun 2024 an yi dokar da ta fitar da sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangila da na lissafin kuɗin gwamnati. Sirrin soja mun yarda da shi. Sai dai a ma'aikatar tsaron nan ce binciken 2020 ya gano ɓatan miliyar 76 na sefa ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba su iso ba, a daidai lokacin da muke kukan sojoji 71 na Inates da 89 na Shinagodar. Sojoji ne suka fi kowa cutuwa da wannan sata. Hukumar COLDEFF mai yaƙi da masu cin dukiyar ƙasa tana bin waɗanda suka ci jiya, madalla. Wa ke duba na yau?

Na ƙarshe, dokar 27 ga Agustan 2024, wadda ta buɗe kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cutar da muradun ƙasa, ta kuma ba da damar ƙwace wa mutum zama ɗan ƙasa na wucin gadi tun kafin kotu ta same shi da laifi. An fara da mutum tara a watan Oktoban 2024, wasu suka biyo baya. Yau manyan 'yan siyasa ne. Amma mu iyayen 'yan biɗa mun san abin da takardar ɗan ƙasa take nufi ga wanda ke bakin iyakar wasu. Ba gwamnati ce ta ba mu Nijar ba, a nan aka binne cibiyarmu.

Masu girma, na san naɗa ku aka yi, na san kuma shawara kawai kuke bayarwa. Amma an jingine kundin tsarin mulkin 2010, babu majalisar dokoki, an rusa jam'iyyu ranar 26 ga Maris 2025, wa'adin da aka ɗiba wata 60 ne da za a iya ƙarawa. A cikin wannan tsawon lokaci ku ne kaɗai zauren da aka ce na jama'a ne. Don haka ga abin da muke roƙo ku kai gaban shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani da gwamnatinsa, a rubuce, ku kuma sanar da mu kun kai.

A tura alƙalai su zagaya gidajen kaso da duk wuraren da ake tsare mutane, su ƙirga waɗanda wa'adin tsare su ya wuce, a gurfanar da mai laifi, a sallami wanda babu hujja a kansa da takardar da ke wanke shi. A wajabta wa duk wanda ya kama mutum ya faɗi sunansa da inda zai kai shi, a sanar da iyalinsa kafin rana ta sake fitowa. A sa ranar shari'ar Moussa Tchangari da ta Mohamed Bazoum a buɗe, ko a sake su, a kuma bar Hadiza ta koma cikin 'ya'yanta.

A janye matakin rusa ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a, a mayar da alƙalan da aka kora, idan akwai tuhuma a kansu ta bi hanyarta. A cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna kamar yadda aka yi a 2022, a kuma fayyace a cikin doka abin da ake nufi da ta da hankalin jama'a, yadda mai tura saƙo zai san iyakarsa. Ƙwace zama ɗan ƙasa kada ya zo sai bayan hukuncin kotu. Kuɗin tsaro a ba amintattun masu binciken asusun gwamnati su duba, ko da a asirce ne, su fito su gaya mana sun duba. A kuma faɗa mana shekarar da za mu sake zaɓen kansiloli. Ko da zaɓen shugaban ƙasa zai jira, na ƙauye ba shi da dalilin jira.

Akwai roƙo guda da ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kundin Sake Gina Ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ni da na yi rayuwata ina koya wa 'ya'yan Hausawa da Buzaye da Fulani karatu da harshen da iyayensu ba sa ji, na yi farin ciki ranar. To, a fara da dokokin da ke iya kai mutum kaso. A fassara su da Hausa, da Zabarmanci, da Tamashek, da Fulatanci, da Barbarci, a karanta su a Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara, tare da haƙƙin wanda aka kama: kwana nawa za a riƙe shi, wa zai kira, ina zai kai ƙara. A 1991 muna zagaye da rediyo muka saurari babban taron ƙasa, muka ji ana tambayar manya a kan abin da ya faru a Cintabaradan a Mayun 1990 da kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990. Zamanku ma a watsa shi haka, mu ji wa ya tashi ya yi magana a madadinmu.

Ku 'yan Tahoua da ke cikin majalisar, idan kun zo hutu kada ku tsaya a gidan gwamna. Ku zo ƙofar gidan kaso da hantsi, lokacin da mata ke layi da kwanonin abinci, ku tambaye su wata nawa ke nan, kuma ko an taɓa kiran shari'ar. Maƙwabciyata tana cikinsu, mijinta na cikin wata na tara. Ta ce in gaya muku ba ta roƙon a sake shi don tausayi, ranar zama kawai take so a sa, ta zo da shaidunta.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, a madadin majalisar dattawan unguwarmu da iyalan waɗanda ke tsare,
Tahoua.